Wa Ya Fasa Kan Malam Hambali?

Malam Hambali ya dasa babban yatsansa a gindin wuyan Badi'a ya danna. Ta saki ƙarar da ta watsa kajin tsakar gida.

"Kun ji shi ko?" in ji Malam, yana duban mijinta Jibirin da ke riƙe da ƙafafunta, da yayarsa Asibi da ta danne mata kafaɗu. "Ɗan Adam zai yi wannan ihu don an taɓa shi da yatsa? Ku faɗa mini."

Yau kwana uku ke nan ana kawo Badi'a wannan zaure, a wani ƙauye bayan Garo, kuma Malam ya ce aikin na kwana bakwai ne. Ranar farko hayaƙi aka yi mata, aka lulluɓe ta da bargo a kan kaskon garwashi har ta yi amai. Rana ta biyu aka shigo da tsumagiya. Yau dorina ce, ga ta nan rataye a wuyan Malam.

Shekara shida ciwon yana tare da ita. Babu kumburi, babu zazzaɓi, babu abin da za ta nuna ta ce ga shi. Yau yana kafaɗa, gobe ya sauka ƙugu, jibi ya koma gwiwa. Takan kwana ta tashi kamar wadda aka yi sussukar dawa a kanta. Ta ɗora tukunya ta manta ko ta sa gishiri. Wata rana ɗaurin zani ma ji take kamar an naɗe ta da waya. Matar da a da take soya gyaɗa ta matse mai ta murza ƙuli-ƙuli kafin azahar, yanzu taɓarya ta fi ƙarfinta. Ta sha maganin taifot har ta daina ƙirga, don a ƙasar nan duk ciwon da aka rasa sunansa taifot ne. An ɗebi jininta a Kabo, an ɗeba a Gwarzo, har Kano an je, amsa ɗaya ake ba su: ba a ga komai ba. Daga nan matan unguwa suka fara cewa son jiki ne. Asibi ce ta kawo hujjar da ta rufe bakin kowa. Wai ciwon da yake yawo ai mai ƙafa ne, mai ƙafar da ba a gani kuwa an san ko wane ne.

Malam ya sauke dorinar daga wuyansa, ya ci gaba da karatu da ƙarfi a kunnenta. Ayoyin da yake karantawa babu mai ja da su. Dorinar ce dai ba a san a wace sura ya samo ta ba.

"Faɗi sunanka!"

"Malam, don Allah..."

Dorina ta sauka a gadon bayanta. Jikin da ƙuda in ya sauka a kansa sai ta ji, shi ne aka zuba wa fatar dorina. Numfashinta ya ɗauke, ta ga fari fat.

"Ba ita nake duka ba, Jibirin, ka kwantar da hankalinka," Malam ya ce ba tare da ya waiwaya ba. "Ita ba ta ma jin komai. Riƙe da kyau."

Jibirin ya riƙe da kyau. Ya kau da kai ya zuba wa bango ido. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya gaji, aka kuma yi masa alƙawarin kwana bakwai.

Ta biyu ta sauka, ta uku ta sauka. A ta tara Badi'a ta ji hijabinta ya manne da baya. Sai ta tuna abin da wata mata ta raɗa mata jiya a bakin ƙofa, wadda ta gama nata kwana bakwan tana ɗingishi. Cewa ta yi: 'yar uwa, ki ba shi suna, kowane ne, in ba haka ba ba zai tsaya ba.

"Gajere," Badi'a ta ce da ƙyar. Sunan tsohon jakin babanta ne, shi ya fara faɗo mata.

"Allahu Akbar!" Asibi ta ce. "Ya yi magana!"

Malam ya gyara tsugunno, fuskarsa ta washe. "Gajere. To, a ina ka shige ta?"

"A bakin rijiya."

"Na sani. Za ka fita ko sai na ƙone ka?"

"Zan fita."

"Ta ina za ka fita?"

Wannan ce matar ba ta gaya mata ba. Malam bai damu ba, yana da amsar tun kafin ya yi tambayar. Ya kama hannunta na hagu, ya ware ƙaramin yatsan, ya ce ta nan suke fita. Ya fara tanƙwara shi baya.

"Fita!"

"Na fita! Wallahi na fita!"

"Ƙarya kake, la'ananne! Fita!"

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshen kara. Amma duk wanda ke zauren ya ji ta. Asibi ta saki kafaɗun ta dafe ƙirji.

Badi'a ba ta yi ihu ba a wannan karon. Hannunta na dama ya laluba ƙasa ya ci karo da kaskon hayaƙi, na yumɓu, cike da garwashi. Ko zafinsa ba ta ji ba. Ta ɗaga shi, da ƙarfin da ta yi shekara shida tana nema ta rasa, ta kwaɗa wa Malam Hambali a saman gira.

Kasko ya tarwatse. Jini ya ɓalle ya rufe masa ido, ya gangaro gemu. Garwashi ya zube a babbar rigarsa da tabarma, zaure ya cika da warin ƙuna. Malam ya faɗi zaune yana salati yana kakkaɓe cinya.

Ƙanensa Mudassir, ƙato mai sayar da itace a ƙofar gidan, shi ya fara faɗowa ciki da gora a hannu. Ya dubi yayansa, ya dubi Badi'a. Ya ɗauke ta da marin da ya kai kanta ga bango, ya cafki hijabinta ya ja ta a ƙasa har waje, cikin taɓon ruwan jiya. Maƙwabta suka fito. Wata mata ta jefo taɓarya. Mudassir ya ɗaga gora, Jibirin ya faɗa a kan matarsa, gorar ta sauka a haƙarƙarinsa, ta sake sauka a kafaɗa.

"Ba ita ba ce!" Asibi ta kurma ihu tana tare mutane da hannu biyu. "Jama'a ku ji tsoron Allah, ba ita ba ce! Gajere ne! Aljanin ne!"

Malam ya fito yana dafe da goshi, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Ya dubi taron. A cikinsu akwai mutum biyar ko shida da suka kawo nasu marasa lafiyar suna jiran layi.

"Ku ƙyale ta," ya ce. "Mace ina ta ga ƙarfin fasa mini kai? La'anannen ne. Na taɓo masa inda yake ciwo."

Gora ta sauka ƙasa. Aka shiga jinjina wa Malam, ana cewa lallai yau an yi gumurzu.

Jinin dai bai san da gumurzu ba, ya ƙi tsayawa. An sa toka, an sa tsumma, a banza. Malam, wanda kullum yake cewa asibiti wurin ɓata lokaci ne, shi da bakinsa ya ce a nemo mota. Aka tare wata a-kori-kura da ta ɗauko albasa za ta Gwarzo. Aka sa shi a gaba. Badi'a kuwa ba don a duba ta aka ɗauke ta ba. Asibi ce ta ce in aka bar ta a ƙauyen nan ba za a tarar da ita da rai ba. Aka jefa ta a kan buhuna, Jibirin a gefenta yana numfashi sama-sama. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji shi a kowace gaɓa. Ta rungume hannun a ƙirji. Yatsan ya karkace waje, ya yi baƙi.

"In mun koma zan kai ki wajen maɗori," Jibirin ya ce.

A asibiti kowa ya bi Malam ciki. Aka bar ta a benci a baranda, ita kaɗai, taɓo ya bushe a fuskarta. Nan Sista Jumai ta gan ta, wata nas 'yar Filato da ta shekara goma sha a garin, ta san rabin matan yankin da sunan 'ya'yansu.

"A'a, Maman Mahbub? Ciwon jikin ne ya sake tasowa?" Sai idonta ya sauka a hannun. Ta zagaya ta ga bayan hijabin. "Innalillahi. Wane ɗan iska ne ya yi miki wannan? Tashi. A hankali, ba zan taɓa ki ba, bi ni kawai."

Aka yi hoton ƙashi. Likitar da ke aiki ranar sabuwa ce, wata siririya mai tabarau, Likita Adawiyya. Ta ɗaga hoton wajen taga ta nuna da biro.

"Ga shi nan. Ya karye, amma zai ɗoru."

Badi'a ta ƙura wa hoton ido. Sai dariya ta kuɓuce mata, mummunar dariya mai haɗe da kuka, har Sista Jumai ta ja da baya.

"Likita, ki yi haƙuri. Shekara shida ina zuwa nan. Yau ne aka fara ganin wani abu."

Likita ta ajiye hoton. Ta gyara yatsan, ta ɗaure shi da na kusa da shi, ta wanke bayan, tana ƙirga sawun dorina a hankali tana rubutawa. Sannan ta ce a ɗauko mata fayil ɗin Badi'a. Da aka kawo shi ya yi kauri kamar littafin shari'a. Mutane na jira a waje, wani har yana buga ƙofa. Ta zauna ta karanta shi tun daga shafin farko.

"Yaya Badi'a, in kin yi barci kin tashi, kina jin kin huta?"

"Ko sau ɗaya."

"Ciwon yana ɓangare ɗaya, ko dama da hagu, sama da ƙasa?"

"Ko'ina. Yawo yake."

"In hadari ya haɗo, ko ranki ya ɓaci, yana ƙaruwa? Kina manta abin da kika shiga ɗaki ɗauka? Cikinki yana kumburi, yau ki kasa bayan gida gobe ya zube? Ranar da kika ji dama-dama kika yi aiki da yawa, sai ki kwanta kwana biyu?"

Badi'a ta buɗe baki. "Likita, ko dai ke ma kina da su ne?"

Sista Jumai ta fashe da dariya. Likita ma ta murmusa.

"Zan taɓa wasu wurare. In ya yi zafi ki ce in daina."

Ta ɗora yatsa a gefen gwiwa. Badi'a ta ce ta daina. Ta daina. Wannan ya fi komai ba Badi'a mamaki a ranar.

"Ciwonki yana da suna," Likita ta ce. "Faibromayaljiya ake ce masa. Ba sai kin riƙe ba, zan rubuta miki. Kin san rediyo in aka ƙure masa murya, ko raɗa aka yi a ciki sai ya cika gida? Haka jijiyoyin da ke kai saƙon zafi suka zama a jikinki. Abin da wani zai ji taɓawa ce, ke duka ne. Ba ya fitowa a jini, ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ake ta ce miki ba a ga komai ba. Akwai gwaji biyu da ban gani a nan ba, za mu yi su don kada wani abu ya ɓoye a baya. Amma abin da nake zato ke nan."

Badi'a ce ta fara faɗa a hankali, sannan Likita ta maimaita mata.

"Ba son jiki ba ne."

"Ba son jiki ba ne."

"Ana warkewa?"

Likita ta cire tabarau. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ni da maganin da zai kore shi gaba ɗaya. Ba ya kisa, ba ya gurgunta mutum, amma zama ake da shi, a rage masa murya. Zan ba ki ƙwaya ƙarama, ɗaya kafin kwanciya. Sai ta yi makonni kafin ki ji bambanci, kada ki ce ba ta aiki ki watsar, in kuma ta dame ki ki dawo mu canza. Allurar kemis da tiramol ki rabu da su. Wanka da ruwan ɗumi. Aiki ki raba shi, ki huta tun kafin ciwon ya ce ki huta. Kuma ki riƙa tafiya kullum, a hankali, ki fara da minti goma. Addu'a ki yi ta, ni ma ina yi. Amma kowace bulala da aka zuba miki, murya aka ƙara wa rediyon."

Ta rubuta kati. "Bayan sati huɗu, ranar Talata, ki nemi ni. In ba na nan, komai yana cikin fayil, kada ki bari a mayar da ke taifot." Ta ƙara wata takarda ta buga mata hatimi. "Wannan kuma abin da na gani ne a bayanki da hannunki. Sawu tara, da karaya. Taki ce. Ki ajiye ko ki yi amfani da ita."

Da Badi'a ta fito, la'asar ta kusa. Suna nan a ƙarƙashin darbejiya suna jiranta. An yi wa Malam ɗinki, an naɗe masa kai da bandeji har ya rufe ido ɗaya. Mudassir na tsaye a bayansa. Ya bar gorar a mota, amma ga wata sarƙa a hannunsa da ƙaramin kwaɗo, sabuwa fil, yanzu ya sayo ta a kasuwa.

Jibirin ya taso yana dafe da haƙarƙari. Ta gaya masa abin da Likita ta ce, duka, ba ta rage ba.

"Wato ba ya warkewa," ya ce.

"Ana rage shi."

"Malam ya ce saura kwana huɗu."

"Kin ji irinta ko?" Asibi ta ce. "Su asibiti in sun rasa ta cewa sai su ba abu sunan Turanci. Mu da kunnenmu muka ji ya faɗi sunansa. Gajere. Ko ba haka ba, Malam?"

Mudassir ya matso yana karkaɗa sarƙar. "Ni ba ni da doguwar magana. Abu biyu ne. In aljani ne ya fasa wa Yaya kai, to babu ƙara, ba a kai aljani kotu. Amma gobe da safe a kawo ta a ƙarasa aiki, kuma a ɗaure, don ba za a sake zubar mana da jini ba. In kuwa ita ce da hankalinta, to ofishin 'yan sanda yana nan, ta je ta kwana a can ta ga yadda ake."

"Aljani ne mana," Jibirin ya yi sauri. "Kowa ya gani. Badi'a, ki ce ba ki san abin da ya faru ba. Haka suke cewa duka, in sun farfaɗo ba sa tuna komai. Ki faɗa mu tafi gida, yara na jira."

"Faɗi, 'yar nan," Asibi ta ce. "Matar aure a bayan kanta? Wa zai auri 'ya'yanki? Kwana huɗu ne fa, ki daure."

Badi'a ta dubi sarƙar. Ta dubi Malam, wanda ya zuba mata idonsa ɗaya da ya rage a waje. Ba fushi ta gani a ciki ba. Roƙo ne.

"Baban Mahbub," ta ce, "na tuna komai. Kaskon yana damana. Na ɗauka, na duba inda zan buga, na buga. Da akwai na biyu da na ƙara."

"Shi ne yake magana!" Malam ya ce da sauri. "Kada ku saurare shi, bai fita ba!"

"Gajere jakin babana ne, Malam. Ya mutu shekarar da aka yi mini aure. Yaya Asibi ma ta san shi, ya taɓa harbinta a gidanmu na Madadi."

Mutanen da ke zaune a inuwar, masu jinya da masu sayar da ayaba, suka fara matsowa. Mudassir ya ɗaga hannu zai kai mata mari. Sista Jumai ta daka masa tsawa daga baranda, mai gadi ya taso da sandarsa. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka.

Badi'a ta ninke katin da takardar mai hatimi, ta cusa su a ƙugun zani da hannu ɗaya. Kumatunta ya kumbura, bayanta na ci kamar an zuba barkono.

"Sista, ofishin 'yan sanda tafiyar minti nawa ce daga nan?"

"Ga mai lafiya, goma. Ke kam sai ashirin. Bari in tsayar miki da mai babur."

"Bar shi. Likita ta ce in fara tafiya."

Ta kama hanyar ƙofar asibiti, taku ɗaya bayan ɗaya, hannun mai bandeji a ƙirji. Jibirin ya dubi yayarsa, ya dubi Malam, ya tsaya kamar wanda aka kafe. Malam yana ta ja wa Mudassir riga yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, cewa a bar maganar 'yan sandan nan, a bar ta haka, ai shi ya yafe. Sarƙar ta ɓace cikin aljihu.

A bakin ƙofa Badi'a ta tsaya ta jingina da ginshiƙi ta huta, tun kafin ƙafafun su nema. Ta waiwayo. Ba wanda ya motsa, sai Jibirin da ya yi taku biyu ya sake tsayawa.

"Ku taho mana," ta ce. "Ni ba sauri nake ba."